Bikon Gauraka

In ka shiga Roni ka tambayi Shatu, mata za su ce maka mai ƙunshi ce, maza kuma su ce, "Au, matar Zaharadeen mai gyaran injin ban-ruwa, wadda ke zana tsuntsaye?" Duka biyun gaskiya ne. Ni Rahamatu, da nake ƙanwar mijinta kuma abokiyar wasanta, cewa nake mace ce da Allah ya ba hannu ya rage mata baki. Bakin ni aka ba, shi ya sa labarin ya faɗo kaina.

A wata ruga ta gefen Gwiwa aka haife ta, cikin Fulanin da suka zauna wuri ɗaya suna noma suna kiwo. In gero ya fara nuna, sai a ɗora ta kan rumfar gona a ba ta gwangwani da igiya ta kori tsuntsaye. Ba ta kora. Tana nan zaune ta zuba tagumi tana kallon yadda jan-baki ke riƙe zangarniya da ƙafa, da yadda kurciya ke karkata kai kafin ta sauka. Ta sha duka a kan haka har ta gode Allah. Kakarta ce kaɗai ke kāre ta, wata tsohuwa mai sassaƙa zane a bayan ƙwarya, takan ce, "Ku ƙyale ta, an aike ta kora ta tafi gaisuwa." A gaban tsohuwar nan Shatu ta koyi abu ɗaya da ya bi ta har yau: wuƙa in ta shiga ƙwarya ba ta komawa baya, saboda haka sai ido ya gama aikinsa kafin hannu ya fara.

Da aka kawo ta gidanmu ta kama sana'ar lalle, kafin shekara ta zagayo amare sun fara layi a ƙofar ɗakinta, har daga Kazaure da Yankwashi. In za ta gwada sabon fulawa, a takarda take fara yi, da tawada da alƙalamin kara. Wata rana ina zaune ina tsince shinkafa, na ga ganyen da take ja ya yi tsawo ya zama wutsiya. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ta sunkuya, ta sake ɗagawa. Hasbiya ce a kan katangar.

Na leƙa na ce, "Matar Yaya, wannan hasbiya ce ko ƙosai mai ƙafa?"

Ta ce, "Ƙosai ne. Ki jira in soya miki wani."

Ta kuwa yi ta soyawa. Hasbiya, cilakowa, tsattsewa, shamuwar da ke sheƙa a kan darbejiyar maƙwabta, duk ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana cusa takardun a ƙarƙashin faifai kamar wadda ta saci nama.

Wadda ta tono su Martina ce, matar Manasseh ma'aikacin ƙaramar hukuma, ita kuma mai shagon kayan makaranta a Kazaure. 'Yarta Sophia a nan ta tashi, da za ta yi aure ta ce ita lallai sai an yi mata ƙunshi irin na ƙawayenta. Suna zaune ana jiran lalle ya kama, iska ta ɗaga faifan. Martina ta tsinci takardun ta yi ta juya su, ta ce, "Maman yara, wa ya yi wannan?" Shatu ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni na amsa mata, da ma amsawa aikina ne.

Bayan biki Martina ta dawo da wani ɗan akwatin kwano. A ciki akwai launuka a jere kamar alewa, da buroshi, da takarda mai kauri. Fentin ruwa ne, in ji ta. Shatu ta fara damawa da kauri tana shafawa yadda ake shafa lalle, tsuntsu ya fito kamar wanda ya faɗa kunu. Martina ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ki sake masa ruwa, 'yar'uwa. Ruwan ne ke aikin, ke raka shi kawai za ki yi."

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Tawadar da muka sani ta allo ce, an yi ta ne don a wanke. Shatu ta ja layinta tsaf, ta ɗora launi, ruwa ya narkar da tawadar, komai ya koma toka-toka. Ta ɓata takardu ba kaɗan ba kafin ta juya aikin: launi farko, a bari ya bushe, tawada daga ƙarshe. Daga baya ma narkewar ta zame mata abin amfani. Takan ja layin fiffike ta taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi, tawadar ta bazu ta yi laushi irin na gashin tsuntsu. Belbela kuwa ba ta sa mata fari ko kaɗan, ciyawa da ƙafafun shanu take zanawa a kewaye, ta bar farin takarda a tsakiya.

Masu magana sun yi, a kan zanen abu mai rai. Shatu ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa Yaya ya tambayo mata malamai, ta saurari abin da kowa ya ce, ta tsayar wa kanta iyaka: ba ta zana mutum. Makarantu suka fara neman zanenta don koya wa yara sunayen tsuntsaye, Martina ta rataya wasu a shago, wasu suka tafi Kano ta hanyar waya. Ba ta yi kuɗi ba, amma fenti bai sake yanke mata ba, kuma amare ba su daina zuwa ba.

Ana nan, wata damina, Yaya ya dawo daga gonarsa ta shinkafa da ke fadama a gindin duwatsu, ya ce ya ga gauraki biyu. Tsofaffi sun ce a da garke-garke suke sauka a wajen nan, amma mu da muka taso sai dai a labari. Washegari Shatu ta ɗane bayan babur ɗinsa. Ta dawo ba ta ko cire mayafi ba ta hau damun launi. Daga ranar, duk sanda Yaya zai je gona tana bayansa. A can ba ta cika fitar da takarda ba. Zama take a gindin wata giginya tana kallo, kamar dai a rumfar gero, sai ta dawo gida ta zana.

Jikinsu ta samu a takarda, baƙi mai ratsin toka, da farin fiffike. Rawarsu ma ta samu, yadda ɗaya ke rusuna wa ɗaya sannan su yi tsalle. Fuskar ce ta gagara, don ba sa bari a matso. Tukkun nan mai ruwan zinariya da kumatun, kullum sai ta yi ta ɓata. Rannan a tsakar gida ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Da zan ga fuskar nan kusa, ko sau ɗaya ne." Ba ta san Baffa Lauwali yana zaure ba.

Baffa Lauwali yayan mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwarsa. A danginmu da ma unguwar baki ɗaya, in mace ta yi yaji shi ake kira ya je biko. Ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya je ya yi ta lallashi har ya dawo da ita ɗakinta. Yakan yi alfahari da cewa bai taɓa fita biko ya dawo shi kaɗai ba. Yana ji da Shatu ƙwarai, don furar da take dama masa da kuma kunyarta, wadda yake cewa da za a raba a ba ni rabi da an huta.

Kwanaki kaɗan bayan maganar nan santsi ya kwashe Shatu a bakin fadama, ta yi targaɗe, ƙafa ta kumbura suntum. Baffa ya zo dubiya ya yi ta girgiza kai. Ya yi mata sannu ya tafi. Ashe ya aika wa wani maharbi a wajen Babura.

Da hantsi muka ji sallamarsa, ga shi da buhu a rungume, wani dogon wuya ya leƙo daga bakin buhun, da tukku kamar sabuwar tsintsiya. Fuskar Baffa fal murna.

Ya ce, "'Yata, ga abin da ya karya miki ƙafa na kawo miki har gida. An fige masa fiffike ɗaya, ba inda za shi. Ki kalle shi har ki ƙoshi."

Shatu ta ja ƙafa ta durƙusa. Ta ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa. Allah ya saka da alheri. An gode." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Baffa na fita ta shige ɗaki, na bi ta na tarar tana kuka a bayan ƙofa.

Na ce, "Ke kuma fa? An ba ki abin da kike so."

Ta ce, "Su biyu ne, Rahamatu."

To, ka ji inda gizo ke saƙa. Ba a mayar da hannun kyauta baya, balle hannun suruki, balle kuma a wajen Bafillatanar da ko ido ba ta haɗawa da shi. Tsoho ya kashe abin da ya kashe, ya ɗauko da hannunsa, unguwa duk ta sani. In ta ce ba ta so, ta watsa masa ƙasa a ido. In ta riƙe, ɗayan na can. Yaya ya ce kullum yana ganinsa shi kaɗai a cikin shinkafa, yana kai yana komowa yana kira, kuma da ruwa ya janye aka yanke shinkafa, tashi zai yi.

Muka gyara wa baƙon wuri a bayan ɗaki inda awaki suke a da. Shatu ta riƙa ba shi dawa da fara, ta ajiye masa ruwa a babban baho. Mutane suka yi ta tururuwar zuwa kallo har na fara tunanin in sa kujera a ƙofa in riƙa karɓar kuɗin kallo. Fuskar da take nema ta same ta: baƙin goshi mai laushi kamar karan-miski, kumatu fari a sama ja-ja a ƙasa, ido fari tas. Ta zana ta sau da yawa kuma ta fito daidai. Sai dai ko ni da ban san kan zane ba na ga wani abu. Gaurakin da ta zana daga nesa, masu ɓatacciyar fuska, kamar za su taka su fito daga takarda. Wannan mai kyakkyawar fuska kuwa a tsaye kawai yake, wuya a lanƙwashe. Kowace safiya da an idar da salla sai ya miƙe wuya ya saki kuka mai kama da busar ƙaho, ya karkata kai yana saurare, ba amsa.

Gashin fiffiken ya fara tsirowa, shinkafa kuma ta fara ja. Na ce wa Shatu, "Abu mai sauƙi. Mu bar ƙofa a buɗe, mu ce ya tsere."

Ta ce, "In yi wa Baffa ƙarya?"

Na juya kan Yaya. Ya ce, "Ni? Ni in je in ce wa Baffa kyautarsa ba ta yi ba? Ki rufa min asiri." Namiji ke nan, injin da ya fi ƙarfin mutum uku zai kwance shi ya ɗaure, amma magana ɗaya ta gagare shi. Haushi ya kama ni, na karɓi furar Baffa na ce yau ni zan kai.

Na tarar da shi a zaure yana jan carbi, ya ɗan faɗa. Na gaishe shi, na fara kewaye-kewaye, sai ya riga ni.

"Rahamatu, tsuntsun nan ba ya bari in yi lazimi."

"Ya dame ka da ƙara ne, Baffa?"

"Ba ƙarar ba ce. Shekaranjiya na sa aka kai ni fadama. Na ga ɗayan." Ya murza carbi. "Maharbin bai gaya min miji da mata ba ne."

Na ce, "To Baffa, me zai hana ka ce ta sake shi?"

Ya harare ni. "In ba da kyauta, in dawo in ce ga yadda za a yi da ita? Ni yaro ne? Yarinyar nan tana jin daɗin abinta, na ji an ce kullum tana zane. In ƙwace mata?"

Na fito ina dariya ina kuma jin tausayi. Mutum biyu, katanga ɗaya tsakaninsu, kowa na cin tuwo da baƙin ciki don kada ya kunyata ɗan'uwansa, tsuntsu kuma na tsakiya yana ramewa. Na kwashe duka na gaya wa Shatu, na ce ta je kawai ta ce masa ga gaskiya. Ta ce, "Haka nan gatsau? Ke dai ba a aike ki gidan surukai ba."

Ta ɗauki kwana biyu tana juya abin. A na uku da la'asar ta sa zanenta na fita unguwa, ta ƙulle goro a ganye, ta ce in raka ta. Ta durƙusa daga bakin zaure, kai a ƙasa, ta tura goron gaban Baffa.

"Baffa, alfarma na zo nema."

"Faɗi, 'yata."

"Akwai baƙuwa a gidanmu. Mun ji daɗin zamanta, mun ƙaru da ita ƙwarai. To amma ta daɗe, maigidanta na can yana jira. Mu yara ne, ba mu da girman da za mu mayar da ita. Shi ne na ce ko za ku taimaka."

Baffa ya dubi goron, ya dube ta, ya dube ni. Na kawar da kai ina kallon azara. Gemunsa ya fara motsi.

Ya ce, "Wa ya raba su?"

Ta ce, "Ƙaddara ce, Baffa."

Ya ce, "Ƙaddara mai farin gemu." Ya fashe da dariya har da tari, ya share ido da hannun riga, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare. "Shekara da shekaru ina haɗa aure, sai da na tsufa na raba. Ku shirya ta. Gobe da safe."

Da safe na tarar Shatu ta kwaɓa lalle tana shafa wa gaurakan a ƙafa, Yaya na riƙe da shi. Na ce wannan kuma wane sabon salo ne, wa ya ce miki ma macen ce? Ta ce Baffa ya ce macen ce, kuma ba a mayar da mace ɗakinta da farar ƙafa. Baffa ya fito cikin babbar rigarsa ta biko, ya hau bayan Yaya, aka naɗe tsuntsu a zane aka ɗora masa a cinya. Kafin mu fita daga gari tsuntsuwar ta cire masa hula sau biyu. Ni da Shatu muka bi su a acaɓa, mutane na tambayar ina za a, ina ce musu biko.

Ruwan fadama ya ja baya sosai, rabin shinkafar an yanke. Muka duba gabas muka duba yamma, ba gauraka. Shatu ta damƙe hannuna har na ji zafi.

Baffa bai ko waiwaye mu ba. Ya tuɓe takalmansa ya jera su a kan kunyar gona, ya tattare riga, ya shiga taɓo har idon sawu da tsuntsu a rungume. Ya tsaya, ya gyara murya, wallahi kamar yana zauren surukai.

"To, ga ta nan mun kawo. Laifin namu ne, ba nata ba. A yi haƙuri, a zauna lafiya."

Ya kwance zanen. Ta tsaya tangal-tangal, ta girgije, ta buɗe fiffike ta rufe. Sannan ta miƙe wuya ta yi kukan nan nata na kowace safiya, ta karkata kai. Shiru. Ta sake yi. Daga can bayan duwatsu, nesa, aka amsa.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Namijin ya taho ƙasa-ƙasa a kan ruwa, ƙafafu a miƙe, ya sauka nesa da Baffa kaɗan. Ita kuma ta yi gudu ta tashi, tashi mai karkata saboda sabon gashi, ta dira kusa da shi. Ya rusuna, ta rusuna. Suka buɗe fiffike suka hau tsalle suna zagaya juna, har yana tsintar ciyawa yana wurgawa sama. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, farin ciki ne ya cika ni. Jakar takardun Shatu na rataye a kafaɗarta, ko taɓa ta ba ta yi ba. Tana tsaye ta zuba ido, yarinyar rumfar gero sak.

Baffa ya fito daga taɓo yana haki, rigar biko ta yi kaca-kaca. Ya ce, "Ban dawo da kunya ba dai. To, 'yata, ɗan aike fa? Ina tukwicina?"

Shatu ta rufe baki da mayafi ta ce, "Yana nan tafe, Baffa."

Sai da ta yi mako tana abu a ɗaki, ta hana ni leƙe. Da ta gama ni ta ba in kai. Gauraki biyu ne a tsakiyar fadama, fiffike a buɗe, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, fuskokin nan sun fito ras, ɗaya da ja-ja a ƙafa. Baffa ya riƙe takardar nesa da ido ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Madalla. Ango da amarya sun fito. Ni da na yi wahalar fa, an manta da ni?"

Na ce, "Baffa, ka san ba ta zana mutum. Duba ƙasa, ta hannun hagu."

Ya matso da takardar. A kan kunya, a bakin ruwa, ga takalmansa nan guda biyu a jere, har da ɗinkin da aka yi wa na dama.